Kasuwa da Sana'a: Mai sayen inji mai batir, batir ɗin yake saye

Kowace ranar Alhamis, kafin hantsi ya dubi ludayi, garin Badagishiri yakan cika ya batse. Motocin Tawa da na Ƙwanni, da amalanken ƙauyukan kewaye, da masu koro dabbobi daga arewa, duka sukan haɗu a bakin gudron nan da ya taso daga Tsarnawa ya nufi Tawa. An daɗe da sanin wannan kasuwa da dabbobi da hatsi. To amma a ƴan shekarun nan wani baƙon kaya ya sami wurin zama a shimfiɗar masu sayar da tocila da rediyo da kayan wayar hannu: wasu ƙananan akwatuna na roba, shuɗi ko ruwan ɗorawa, a cikin kowane akwai injin huda katako da ƙarfe wanda ba ya buƙatar igiyar wuta, ga batir ɗinsa, ga kuma cajarsa.

Wanda ya ɗan tsaya a wurin zai ga yadda cinikin yake tafiya. Kafinta ya zo ya tsuguna, ya ɗauki injin yana juyawa. Mai kaya ya karɓa ya danna kunama, injin ya yi ƙara, sa'an nan ya nuna rubutun da ke jikin batir ya ce: "Malam, dubi nan, volt 48 ne, irin na Turai." Kafinta ya taya, mai kaya ya ce albarka. Ya ƙara, a ce masa albarka. Can dai a sallama, a ƙirga kuɗi, kowa ya tashi yana ganin shi ya ci riba.

Kuɗin da kafintan ya ƙirga ba daga sama suka faɗo ba. Wataƙila ragon da ya yi wata shida yana kiwo ne ya sayar da safen nan a kasuwar dabbobi, ko kuwa wani ƙane ne da ya tafi bida Libiya ko Abijan ya aiko, domin a ƙara jari. In injin ya yi ƙarko, ragon ya dawo da riba. In ya mutu bayan wata uku, to, babu rago, babu inji, ga kuma aikin mutane a hannu. Saboda haka wannan ciniki ya cancanci a tsaya a dube shi da idon basira.

Dalilin da ya sa ake rububinsa

Ba kwaɗayin sabon abu ne kawai ya ja masu sana'a ba, matsalar wuta ce. Ƙididdigar Bankin Duniya ta wajen shekarar 2022 ta nuna kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke samun wutar lantarki a Nijar, a karkara kuwa abin bai kai haka ba. Su ma waɗanda wayar Nigelec ta kai gare su sun san halinta a lokacin bazara. Kafin 2023 wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da ƙasa ke sha daga Najeriya yake zuwa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, da ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Najeriya ta yanke wutar a farkon watan Agusta, ba ta mayar da ita ba sai a watan Maris na 2024. Tashar hasken rana ta Malbaza, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2018 da ƙarfin megawat 7, ta taimaka gwargwadon hali, amma tulu ɗaya ba ya shayar da gari. A waɗannan watanni duk mai injin igiya ya koyi darasi: ko ya sayi man gurup da tsada, ko ya koma ga barima da zarto irin na iyayensa.

Ga kuma aikin da ya sauya. Yankin da ke da kamfanin siminti a Malbaza tun shekarun 1960, yau ginin bulo da rufin kwano sai ƙara yawa suke yi, har a ƙauyukan da a da ba a san kome ba sai laka da azara. A watan Oktoba na 2024 hukumomi sun rage kuɗin siminti. Duk inda aka yi ginin siminti kuwa, sai an huda bango an kafa ƙofa da taga, sai an ɗaure kwano, sai an hau rufi an kafa farantin hasken rana ko na tauraron ɗan Adam. Mai wannan aiki yana bisa tsani ko a ƙauyen da ba wuta, injin da ke ɗauke da wutarsa a cikinsa ya fi masa kome. Buƙatar gaskiya ce. Inda gizo ke saƙa shi ne wajen zaɓe.

Abin da ke cikin baƙin akwati

Inji mai batir ba jiya aka fara shi ba. Kamfanin Black & Decker na Amurka ne ya fito da injin huda na farko marar igiya a 1961, amma batir na wancan zamani nauyi gare shi, ga saurin ƙarewa. Abin ya canza ne bayan kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da batirin litiyom a 1991, wato irin wanda ke cikin wayar hannu a yau. Masana uku da suka share hanyar ƙirƙiro shi, John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino, sun sami kyautar Nobel a 2019. Kamfanin Bosch na Jamus ya sa shi cikin ƙaramin injin ɗaure sukuru a 2003, a 2005 kuma Makita da Milwaukee suka fito da manyan injuna masu aiki da shi. Daga nan masana'antun ƙasar Sin suka ɗauka, har ya iso tabarmar Badagishiri.

In aka kwance baƙin akwatin da ake maƙala wa injin a gindi, abin da za a tarar shi ne wasu duwatsu jere, masu kama da dutsen tocila, sai dai sun ɗan fi shi tsawo. Mafi yawansu ana kiransu 18650, domin kaurinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65. Kowane ɗaya ƙarfinsa volt 3,6 ne, in ya cika maƙil ya kai 4,2. A jera biyar, a sami volt 18. Wannan shi ne dukan sirrin. Kamfanin da ya rubuta 18, da wanda ya rubuta 20, da wanda ya rubuta 21, duka duwatsu biyar suka jera. Na farko ya ƙirga ƙarfinsu yayin aiki, sauran sun ƙirga shi lokacin da aka ciro su daga caji. Kada mai saye ya ƙara ko dala ɗaya don ya ga 20 maimakon 18.

To ina labarin volt 48, da 88, har da 128 da ake gani a wasu akwatuna? Kafin a sami volt 48 na gaskiya sai an jera duwatsu goma sha uku. Batirin da bai fi tafin hannu ba, ina zai sa su? Duk mai gyaran rediyo yana da mitar awon wuta. A cika batir ɗin, a ɗora masa mita, za a ga ta tsaya a 20 ko 21, kome girman lambar da aka buga a jiki. Masu ƙera irin wannan kaya sun lura jama'a na bin babbar lamba, sai suka ba su babbar lamba, tun da tawada ba ta da tsada.

Lamba ta biyu da ya kamata a duba ita ce wadda ke gaban haruffan Ah. In volt shi ne ƙarfin zubar ruwa, Ah shi ne girman randar. A ninka biyun a sami yawan wutar da batir ke ɗauka: volt 18 sau 2 Ah ya ba da 36, sau 4 Ah ya ba da 72, wato kusan abin da zai cika babbar wayar hannu sau huɗu. A nan ma akwai ƙarya, amma sikeli na tona ta. Dutse ɗaya na kirki nauyinsa wajen giram 45 ne. Batir mai 2 Ah, da duwatsunsa biyar da gidansa, yakan kai giram 350 zuwa 400. Mai 4 ko 5 Ah, wanda akasari duwatsu goma ne a cikinsa, yakan kai wajen giram 600. Saboda haka in an ga batir an rubuta masa 5 ko 6 Ah, aka ɗora shi a sikelin mai sayar da ƙusa ya tsaya a giram 300, to magana ta ƙare. Haka nan dutsen 18650 mafi kyau da ake ƙerawa bai wuce wajen 3.500 mAh ba. Wanda aka buga wa 9.900 a jiki, shaidar zur ya zo da ita tun daga masana'anta.

Banda duwatsun, a cikin batir na kirki ko a jikin injinsa akwai wani ɗan allon lantarki mai tsaro. Shi ke yanke wuta in batir ya cika, ko ya kusa ƙarewa ƙat, ko ya yi zafi fiye da kima. Wannan allo ba a ganinsa daga waje, shi ya sa shi ne abu na farko da mai neman rage kuɗin ƙira yake tauyewa. A injin kamfanin kirki, batir da caja sukan ci babban rabo na kuɗin akwatin gaba ɗaya, sau da yawa ma sun fi injin kansa tsada. Ke nan duk lokacin da aka ga kuɗin akwati ya faɗi warwas, ba sai an yi duba ba: daga batir aka zaftare.

Hanyoyin da kayan ke biyowa

Mai neman inji a wannan yanki yana da ƙofofi huɗu. Akwai kasuwannin mako, kamar ta Badagishiri da ta Ƙwanni. Akwai shagunan kayan gini na Ƙwanni da Tawa da Maraɗi. Akwai tsallaken iyaka, tun daga Illelar Amarawa da ke dab da Ƙwanni har Sakkwato da Kano. Akwai kuma jakar ƴan bida masu dawowa daga Libiya ko Aljeriya ko bakin teku. Kowace ƙofa da irin arhar da take nunawa, da kuma irin ramin da ke bayanta.

Ta wajen Najeriya, abin da ke ruɗin mutane shi ne canji. Dattawa ba su manta da watan Janairu na 1994 ba, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, kayan waje suka ninka kuɗi a dare ɗaya. A watan Yuni na 2023 irin wannan ta sami naira, da babban bankin Najeriya ya sake ta: dalar Amurka da hukuma ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1.500 a farkon 2024. Sefa kuwa tana ɗaure da kuɗin Turai, yuro ɗaya a kan 655,957. Mai sefa ya je wurin ƴan canji a Ƙwanni, a cika masa hannu da takardun naira, ya ji kamar ya zama attajiri. To amma gero da tabarma ne ake samarwa da naira. Injin huda daga Sin yake zuwa, da dalar Amurka aka sayo shi, kuma ɗan kasuwar Kano ba yaro ba ne: naira na faɗuwa, yana ƙara kuɗi. In aka haɗa da kuɗin mota da na duwan da abin da ake bari a shingayen hanya, ragin da aka je nema yakan narke. Bugu da ƙari, cajar Najeriya mai ƙafa uku ce irin ta Ingila, ba ta shiga soket na Nijar sai da mahaɗi. Mafi muni, ranar da injin ya lalace, wanda ya sayar da shi yana wata ƙasa, iyakar kuwa an ga yadda aka rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, aka sake rufe ta daga 2023 zuwa Maris 2024.

Kayan gwanjo da na ƴan bida su ma da nasu hali. A cikinsu akan dace da injin Bosch ko Makita ko DeWalt na asali, wanda ya yi shekara goma yana aiki, kuma zai iya ƙara goma. Sai dai batir ba ya tsufa irin na ƙarfe. Yana da adadin cajin da zai ɗauka, ɗaruruwa ne ba dubbai ba, yana kuma raguwa ko da ajiye shi aka yi. Da yawa daga tsofaffin injunan ma ba litiyom ke gare su ba, irin na da ne da ake rubuta wa NiCd, wanda samun sabonsa a yau sai an sha wuya. Wanda kuma aka kawo daga Amurka, a duba bayan cajarsa tun kafin a biya: in an rubuta volt 120 kaɗai, ranar da aka cusa ta a wutar 220 ta Nigelec ranar za ta ƙone.

Ga wani abu da mai kaya ba ya faɗa. Kusan kowane kamfani da siffar bakin batirinsa. Na Makita ba ya shiga Bosch, na Bosch ba ya shiga DeWalt. Da gangan aka yi haka, domin wanda ya sayi inji ɗaya ya zama ɗan gida, gobe in zai sayi zarto ko injin goge ƙarfe ya koma wurinsu. Wato sayen injin farko kamar neman aure ne, ba yarinyar kaɗai ake dubawa ba, har da danginta. Tambayar da ta fi "nawa ne?" muhimmanci ita ce: in wannan batir ya mutu, a wane shago na Ƙwanni ko Tawa za a sami ɗan'uwansa, kuma a kan nawa? Injin babban kamfani wanda batirinsa sai Yamai ko Kano, ga mutumin Badagishiri bai kai matsakaicin inji irin su Ingco ko Total amfani ba, muddin akwai shago kusa mai ajiye batirinsu. Wanda kuwa ba shi da suna ko kaɗan, ko aka ari sunan wani aka canza harafi ɗaya, maraya ne: ranar da batirinsa ya mutu, shi ma ya mutu.

Wasu sukan kai mataccen batir wurin masu gyara a sa masa duwatsun tsohuwar kwamfutar hannu. Girmansu ɗaya, amma aikinsu ya bambanta. Dutsen kwamfuta an yi shi ne ya riƙa ba da wuta kaɗan kaɗan na tsawon sa'o'i, na inji kuwa an yi shi ya saki wuta mai yawa a lokaci guda. In aka ɗora wa na farko kayan na biyu, zai yi zafi, ya ƙare nan da nan, wani lokaci ma ya kama wuta. Gyaran yana yiwuwa, amma sai da duwatsun da aka yi domin inji, iri ɗaya, sababbi, a hannun wanda ya san aikin.

Rana ita ce babbar abokiyar gaba

Kamfanoni sukan ce kada a yi cajin batirin litiyom a zafin da ya wuce digiri 40 zuwa 45. A ƙasar Adar kuwa, cikin watannin Afrilu da Mayu, inuwa kanta takan haura 40, balle bisa kwano da tsakar rana, balle cikin rufaffiyar mota. Zafi na cin ran batir a ɓoye, musamman in yana cike. Wannan ya shafi ciniki tun daga tushe, domin akwatin da ya yi wata shida yana yawo daga kasuwa zuwa kasuwa, yana kwana a bayan mota, yana wuni a rana bisa tabarma, batirinsa ya riga ya tsufa tun ba a huda ko allo ɗaya da shi ba. Na cikin shago mai inuwa ya fi shi, ko da sunansu ɗaya.

Bayan saye ma sai an kiyaye. Batirin da ya sauko daga aiki da zafi, a bar shi ya huce kafin a sa shi caji. Caji da sassafe ko da dare ya fi, a ƙasa bisa siminti ko rairayi, nesa da katifa da zana da jarkar mai, kuma ba a barinsa a ɗakin da yara ke kwana. In za a daɗe ba a yi aiki ba, a ajiye shi da rabin caji. Wanda ya kumbura, ko ya fashe, ko yake wari, an gama da shi, kada a sake cusa shi a wuta, domin gobarar litiyom wuyar kashewa gare ta. Masu caji da hasken rana kuma su lura da na'urar da ke juya wutar batirin rana zuwa 220: ƙananan masu arha ba sa ba da wuta mai santsi, akwai cajojin da ba sa jure ta.

Kowane aiki da injinsa

Ba kowane mai sana'a ne inji mai batir zai fitar ba. Mai huda katako da ɗaure sukuru, da mai kafa kwano, da mai haɗa wutar gida ko farantin rana, su ne ya fi yi wa rana, domin aikinsu na ɗan lokaci ne, a danna a saki. Amma mai walda da ke wuni yana yankan ƙarfe, ya yi lissafi tukuna. Injin yanka da ke jan wat 500, in aka ba shi batirin da ke ɗauke da 72, ko minti tara ba zai cika yana aiki ba tsayawa ba. Irin wannan, injin igiya da gurup sun fi masa sauƙi. Mai huda bangon siminti ya tabbata injin yana da alamar guduma a wuyansa, in ba haka ba sai dai ya ƙone bakin huda a banza. Injunan da ba su da gawayi a cikin motarsu sun fi tsada, amma sun fi tattalin batir, ba su kuma da gawayin da zai cinye. Shi kuwa magidancin da zai kafa ƙusa biyu a shekara, mai arhar ma ya ishe shi, ko ya ara wurin maƙwabci. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Laifin shi ne a sayar wa mutum rariya da sunan ƙwarya.

A ɗauki misali, don lissafi kawai. A ce ga akwati biyu, ɗaya jika ashirin, ɗaya jika hamsin da biyar. Na farko batirinsa ya mutu bayan wata huɗu, ba a sami irinsa ba, aka sake sayen wani akwatin, haka har sau uku a shekara: jika sittin ke nan sun tafi, ga gawar inji uku a ƙarƙashin teburi. Na biyu ya yi shekara biyu, sa'an nan aka canza masa batir kaɗai. Ba a ma sa ranakun da aka yi zaune ba, da mai gidan da ya gaji da jira ya kai aikinsa wani wuri. Wannan shi ne abin da magabata suke nufi da suka ce araha ba ta ado. Wanda kuɗinsa ba su kai ba, gara ya haɗa kai da abokan sana'a biyu ko uku su sayi iri ɗaya, batir ya riƙa zagayawa tsakaninsu, ko su shiga adashi kowa ya ɗauka bi da bi.

Kafin a ƙirga kuɗi

Gani ya kori ji. Ƙarar inji a iska ba shaida ba ce, ko mafi lalacewa yana juyawa in ba a ɗora masa kaya ba. Mai saye ya zo da guntun katako mai tauri da dogon sukuru a aljihu, ya huda, ya ɗaure, ya kwance, ya maimaita sau goma, sa'an nan ya taɓa batir ya ji zafinsa. Ya duba ko bakin huda yana juyawa daidai ko yana rawa. Ya auna batir a sikeli. Ya karanta bayan caja. In akwati ne mai batir biyu, ya gwada duka biyun. Daga ƙarshe ya nemi faktir mai ɗauke da sunan shago da kwanan wata da lambar injin, a kuma rubuta kwana nawa aka yarda a mayar in aibi ya fito. Mai kayan da ya ƙi gwaji, ya ƙi takarda, ya riga ya faɗi abin da ya sani game da kayansa.

Ba duka nauyin ke kan mai saye ba. Da yawa daga masu shimfiɗa tabarma su ma ba su san abin da ke cikin akwatin ba, yadda aka gaya musu a Kano ko Lome haka suke faɗa. Amma wanda ya sani ya ɓoye, ya san hukuncin algus, kuma malaman fiƙihun Malikiyya sun daɗe da bayyana cewa mai saye yana da ikon mayar da kayan da aka ɓoye masa aibinsu. Ta wajen hukuma, Nijar tana da dokar kare haƙƙin masu saye tun watan Mayu na 2015, tana kuma da ma'aikatar kula da awo da ingancin kaya, wato ANMC. Abin tambaya shi ne, yaushe wannan doka za ta sauko daga ofisoshin Yamai ta zo kasuwar Alhamis? Mitar awon wuta ɗaya da sikeli ɗaya a hannun ma'aikaci a iyakar Ƙwanni sun isa su tona batirin da ke da'awar volt 88. Ƙungiyoyin masu sana'ar hannu na Illela da Malbaza da Ƙwanni su ma suna iya yin nasu: su gwada ire-iren da ke kasuwa, su gaya wa ƴaƴansu wanda ya ci jarrabawa, su kuma yi odar batir a dunƙule. Haka nan ya kamata magadan gari su fara tunanin inda za a riƙa tara matattun batura, tun kafin su cika juji inda yara ke wasa, awaki ke kiwo.

Zamani riga ne, kuma wannan rigar ta zo da amfani: yau matashi a ƙauyen da bai taɓa ganin sandar Nigelec ba yana iya kafa rufi a wuni ɗaya. Sai dai ranar Alhamis mai zuwa, in kafinta ya sake tsugunawa gaban akwatin roba da kuɗin ragonsa a aljihu, kada launin injin ko ƙararsa su ɗauke masa hankali. Ya zare baƙin akwatin da ke gindi, ya jinjina shi a tafin hannu, ya tambayi inda ake samun ɗan'uwansa, kana ya taya.